Duniyar Halittu: Gansakukar Dausayi Da Dodon Koɗin Teku

Masu karatu, yau za mu gwama halittu biyu, dukansu koraye shar, amma ba su haɗa dangi ba.

Ta fari ita ce gansakukar da ke rufe dausayi a ƙasashen sanyi kamar Sikotilan da Rasha da Kanada. Masanin nan na Suwidin, Linnaeus, ya rubuta ta da suna Sphagnum a 1753. Tsiro ce, amma ba ta da saiwa, ba ta fure. Tana iya riƙe ruwa kamar ninki 20 na nauyinta in ta bushe, shi ya sa aka riƙa ɗaure raunukan sojoji da ita a yaƙin 1914 zuwa 1918.

Na biyu wani dodon koɗi ne marar ɓawo, ana ce masa Elysia chlorotica, yana zaune a gaɓar gabashin Amurka. Wanda ya gan shi sai ya rantse ganye ne. To, dabba ce, ɗan'uwan katantanwa. Tsiron ruwa yake tsotsa, ya adana ƙwayoyin koren a jikinsa, ya yi watanni yana amfana da hasken rana. Watau masana ba kama suke dubawa ba wajen rarraba halittu, asali suke bi.

Wajen kiyayewa kuwa, gansakuka ta fi gata. In ta mutu ba ta ruɓewa sosai, sai ta taru ta zama baƙar ƙasa mai cin wuta, kaurinta na ƙaruwa da kamar milimita 1 a shekara. Irin waɗannan wurare kashi 3 ne kacal cikin 100 na doron ƙasa, amma sinadarin kabon da suka binne ya fi na dukan dazuzzukan duniya. In aka janye ruwan, sai ya fice sama ya ƙara ɗumamar yanayi. Don haka kamfanin gwamnatin Ayalan ya daina haƙar ƙasar a 2021, UNESCO kuma ta sa babban dausayin arewacin Sikotilan cikin kayan gadon duniya a 2024.

Dodon koɗi fa? Masu bincikensa na kukan ya yi wuyar samu, ga shi fadamun gishirin da yake zaune gine-gine da hauhawar teku na cinye su. A ganina wannan sakaci ne: an ƙidaya amfanin gansakuka aka kāre ta, shi kuwa ko yawansa ba a ƙidaya ba.