Gardamar Fim A Bakin Wanda Bai Kalla Ba



Wata Asabar bayan sallar isha'i, a fadarmu ta nan Damagaram, saura ƙiris abotar shekara ashirin ta watse a kan fim. Fim ɗin shi ne Zinder, wanda Aisha Macky ta fitar a 2021. Mu tara ne a kan tabarma, shayi yana kan gawayi. Wani abokinmu tela ya rantse da Allah cewa matar nan ta sayar wa Turawa mutuncin garinmu. Wani ya ce ƙarya ne, gaskiya ce ta faɗa shi ya sa ta yi ɗaci. Murya ta yi sama har mai gidan da muke zama a ƙofarsa ya leƙo. Sai babban yayanmu a fadar, wanda tun ɗazu bai ce uffan ba, ya ajiye kofinsa ya ce, "To ƙannena, wa da wa ya kalli fim ɗin nan tun daga farko har ƙarshe?"

Mutum biyu ne kacal, kuma ba su ne masu ihun ba. Ni kaina ina cikin sauran bakwai ɗin. Guntun minti biyu na gani a salula, samari tsirara daga ƙugu zuwa sama suna ɗaga ƙarfe, daga nan na yanke hukunci. Daga baya da na zauna na kalle shi duka, kunya ta kama ni. Na tarar 'yar garin ce ta shiga Kara-Kara, unguwar da aka daɗe ana ware mutanenta tun zamanin da ake tura kutare can, ta zauna da 'yan fale ta bar su suka yi magana da bakinsu: rashin makaranta, rashin aiki, fasa-ƙwaurin man fetur, gidan kaso, da nadamar wanda ya tuba. Mutum yana iya ƙin fim ɗin bayan ya gani, haƙƙinsa ne. Amma mu ranar nan ba fim muka zaga ba, gulma muka yi.

Abin da nake son faɗi ke nan, kuma ba zan ɓoye shi ba: tun da muka daina kallon fim tare a wuri ɗaya, hirarmu ta fim ta lalace. Muna bukatar gidajen silima su dawo garuruwanmu, kuma masu cewa salula ta wadatar ba su lura da abin da muka yi asara ba.

Na san bambancin don na ɗanɗana. A ƙarshen 2022 wata hidima ta kai ni Yamai, abokai uku suka ja ni gidan silima muka kalli The Woman King, fim ɗin Amurka a kan sojoji mata na masarautar Dahomey zamanin Sarki Gezo. Sama da awa biyu muna zaune cikin duhu, ba mai tsallake wani waje, ba mai mayar da wani baya. Da muka fito muka zauna wurin mai shayi har dare ya raba. Ɗayanmu malamin tarihi ne, ya ce fim ɗin ya wanke Dahomey daga cinikin bayi wanki fiye da kima, alhali masarautar ta daɗe tana cin riba da shi. Wani ya ce a'a, ai an nuna sarkin da fadawansa suna jayayya a kan cinikin. Malamin ya ce, "Aboki, tuna abin da ya biyo bayan jayayyar." Kowa ya kawo hujjarsa daga abin da idonmu ya gani tare. Ba wanda ya tambayi auren 'yar wasa nawa.

A wannan zaman ne wani ya ce, mu da muke yabon jaruman matan Benin, ina tamu Sarauniya Mangu da ta tari rundunar Voulet da Chanoine a Lugu a 1899? Med Hondo ya yi fim a kanta a 1986, daga littafin Abdullahi Mamani, fim ɗin ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1987. Mu huɗu, duk mun yi lakwal, ba wanda ya taɓa ganinsa a babban allo. Wannan ita ce ƙasar da ta haifi Umaru Ganda, mutumin da ya fara cin waccan babbar kyauta a 1972 da fim ɗinsa Le Wazzou polygame. Ita ta haifi Mustafa Alasan da Zalika Sule. Mun sa wa cibiyar al'adu sunan Ganda a Yamai, amma tambayi saurayi ɗan shekara ashirin ya faɗa maka fim ɗinsa ɗaya. Rahmatu Keita ta yi Zin'naariya a 2016, labarin 'yar gidan sarautar Damagaram. A fadarmu ba wanda ya gan shi.

Daga nan zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne. Ashe mutumin Damagaram sai ya kashe yini guda a mota kafin ya zauna gaban babban allo? Ya fi masa kusa ya tsallaka Kano, wata ƙasa, da ya je babban birnin ƙasarsa.

Na san amsoshin da za a ba ni, don na sha jin su.

Na farko, wai gidan silima matattarar 'yan iska ce. Ba zan yi wa tsofaffin gidajen silima ado ba. Iyayenmu sun ba mu labarin hayaƙin taba da dambe a bakin ƙofa, kuma mace mai mutunci ba ta zuwa. Amma Malam, ina lalatar ta tafi da aka rufe su? Ta shiga aljihun ɗanka. Yaron da kake tsoron ya zauna a zauren da mutum ɗari biyu ke ganinsa, yanzu yana ƙule a ɗaki ƙarfe biyun dare, shi kaɗai da salula, ba ka san abin da yake kallo ba. A zaure an san fim ɗin da za a nuna, an san lokacin tashi. Ana iya ware wa mata ɓangarensu ko ranarsu, a fara bayan la'asar a tashi kafin magariba. Abin da ake yi a fili ya fi sauƙin gyara.

Na biyu, wai ba kuɗi, ba wuta. To gidajen kallon ƙwallo fa? Kowace unguwa akwai su, da injin wuta ko hasken rana, muna biyan dala ashirin mu zauna a benci don Barcelona da Real Madrid. Shi ya sa gardamarmu ta ƙwallo take da ma'ana, kowa ya ga wasan minti casa'in. Mai rumfar da ya iya tara mutane ranar Lahadi zai iya tara su ranar Alhamis. Majigi da farin ƙyalle da lasifika biyu ba su fi ƙarfin gidan matasa ko ƙungiyar ɗalibai ba. Sharaɗi ɗaya ne: a nemi izinin mai fim a biya shi, kada a ɗauko na sata daga wurin masu turi.

Na uku, wai ai muna kallo, ga Labarina, ga Izzar So, ga fassarar Indiya. Gaskiya ne, ni ma ina kallo. Sai dai duba yadda muke kallon. Wannan yana kashi na goma, wancan na talatin, wani yana tsallake duk inda ba faɗa. In an haɗu ba abin da ya haɗa mu sai sunayen 'yan wasa, sai hira ta koma wa ta fito, wa ya saki wa, wa ta sa wace tufa. Mai shirin da ya san haka ake kallon aikinsa, me zai sa ya wahalar da kansa wajen gina labari? Mu 'yan kallo muna da hannu a raunin da muke kuka da shi.

Mu a fadarmu mun kafa doka tun daga waccan Asabar: wanda bai kalla ba, ya sha shayinsa ya saurara. Sau ɗaya a wata muna aro majigi, mu rataya zane a bangon gidan yayanmu, yara da maƙwabta su cika tsakar gida. Tela ya kalli Zinder har ƙarshe. Har yanzu bai yafe wa fim ɗin ba, yana cewa an bar rabin garin a baya. Amma yanzu in ya faɗa, yana kawo hujja, mu kuma muna da abin amsa masa.

Kai ma ɗan'uwa, ko a Maraɗi kake ko a Tawa, ka yi wa fadarku tambayar da yayanmu ya yi mana, ka ƙirga hannuwa. Gani ya kori ji.