Kuɗin Raya Gari: A Wuyan Wa Za A Ɗora Ƙarin?

Duk wanda ya san ƙasar arewa da birnin Kano shekara talatin da suka wuce, in ya bi hanyar Katsina yau ya nufi Dawanau, sai mamaki ya kama shi. Inda dā a ke ganin gero da dawa da gyaɗa, gona manne da gona, ƙarƙashin ɗorawa da kuka, yanzu sai turakun siminti da harsashin gini. Birni yana ta cin gonakin Ungogo da na Dawakin Tofa. Ƙasar nan kuwa kakanninmu ne suka raya ta da takin da su kan ɗauko daga birni bisa jakuna, suna nomanta kowace damina ba hutu. To, duk gonar da ta zama unguwa tana bukatar hanya da magudanar ruwa da famfo da makaranta, dukansu kuwa da kuɗi a ke yi, kuɗin kuma ya ƙaru ƙwarai da gaske. Daga aljihun wa za a cike gurbin?

Mu fara duba yadda tsadar ta zo. Ran 29 ga Mayu, 2023, kowa ya ji a jikinsa, domin ran nan ne Shugaba Bola Tinubu ya ce an janye tallafin man fetur. Litar da a ke saye ƙasa da naira 200 ta haye 500 nan da nan, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Cikin watan Yuni na 2023 aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, dalar Amurka da Gwamnati ke bayarwa wajen naira 460 ta zarce 1,500 a farkon 2024. Buhun siminti da bai kai naira 5,000 ba a farkon 2023 ya wuce 10,000 a wurare da yawa cikin Fabrairu, 2024. Kwalta da rodi da injuna duk farashinsu dala ya ke bi, tifar yashi kuwa mai ta ke sha. Saboda haka kuɗin da aka ƙiyasta wa mil guda na hanya ba ya kai ta inda aka nufa.

Shi kuwa abin da a ke karɓa da sunan raya ƙasa, ya daɗe yana barci. Dokar soja ta 1998 wadda ta jera harajin da kowace Gwamnati za ta karɓa ta ce kada kuɗin raya ƙasa da Jiha ke ɗora wa mutum ya wuce naira 100 a shekara. Yau naira 100 ba ta sayen bulo guda. Gaskiya ne sabuwar dokar haraji da aka sa wa hannu a Yuni, 2025, ta ɗora wa manyan kamfanoni kashi 4 cikin 100 na ribarsu da wannan suna, amma kuɗin Tarayya ne, rabinsa ma asusun manyan makarantu aka yanka wa. Ba shi zai gina kwalbati a bayan Dawanau ba. Ashe dai ƙari ya zama tilas, gama da ruwan ciki a kan ja na rijiya.

Amma kafin a ɗora, ya kamata ma'aikata su tuna da abin da ya wuce. A zamanin En'e, daga Baitulmalin Kano aka kawo wa birni ruwan famfo na Challawa da wutar lantarki a farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Aiki ne na alfahari. Sai dai mafi yawan kuɗin Baitulmali haraji ne da jangali, waɗanda talakan ƙauye da makiyayi suka biya ta hannun Dagaci da Hakimi, alhali su kansu a rijiya su ke ɗiban ruwa. Wannan ƙaiƙayi yana cikin abin da ya sa jama'a suka yi murna sa'ad da Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a 1979. Wanda duk ya nemi ya komo da kuɗin kai a kan manomi, ko da wane suna ya laƙaba masa, tsohon miki zai fama.

Wanda ya dace ya biya yana nan a sarari. Kowa ya san awon igiya. Mai kuɗi ya sayi gona a hannun magada da farashin gona, ya kawo igiya ya yanka ta fuloti fuloti, ya bar lungun da ko amalanke ba ta juyawa, ya sayar da farashin birni, ya kaɗe rigarsa ya tafi. Abin da ya ɗaga darajar filin nan kuwa ba guminsa ba ne, titin Gwamnati ne da ke kusa, da kasuwa, da turakun lantarki. Bayan shekara kaɗan gidaje sun cika, damina ta zo, ruwa ya rasa hanya ya shiga ɗakuna, jama'a su tashi suna kiran Gwamnati. A sa'an nan aikin ya fi tsada nesa ba kusa ba, domin sai an rushe, an biya diyya, kāna a haƙa. A wajen rangadin makarantu na sha tarar da unguwa mai ɗaruruwan gidaje wadda ba a bar mata ko taku goma na filin makaranta ba, yara suna ƙetare babban titi safe da rana. Riba ta tafi aljihun mutum ɗaya, wahala ta zauna wa kowa. Wanda ya ci ladan kuturu kuwa, shi ne da aski.

Saboda haka shawararmu ita ce, ƙarin ya sauka a kan fili ran da ya tashi daga gona ya zama fuloti, da ran da aka nemi izinin gini a wurin Hukumar Tsara Birane ta Jiha. Gonar da a ke nomawa kada a taɓa ta. A bambanta mai gina ɗaki biyu domin iyalinsa da mai gina gidan mai ko rumbunan ajiyar hatsi. Kuma a riƙa sake duba adadin kowace shekara bisa farashin siminti da mai, kada a sake rubuta lamba a doka a bar ta ta ruɓe.

Wani zai ce, in aka tsananta, mutane za su guje wa ofis, awon igiya ya daɗa yawa. Maganar tana da ƙamshin gaskiya. Maganinta shi ne a sauƙaƙa biya kashi kashi, a gaggauta ba da takarda, kuma a sa Dagatai da Masu Unguwa, waɗanda da wuya a yi cinikin gona ba da saninsu ba, su riƙa rubuta kowane ciniki a littafi.

Abu na ƙarshe shi ne amana. Jama'a ba su manta da hanyoyin kilomita biyar biyar da Gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta fara a ƙananan hukumomi tsakanin 2011 da 2015 ba, yadda waɗansu suka tsaya shekara da shekaru. Kuɗin da aka karɓa a Ungogo a ga kwalbatinsa a Ungogo, a kafa lissafin shiga da fita a ƙofar sakatariya, malamai su karanta wa iyayen yara. Talaka ba ya ƙin biya in ya ga aiki, gani kuwa ya kori ji. Allah Ya ba shugabanninmu ikon riƙon amana, amin.