A CIRE KAFIN A GWADA!

'Yan'uwa talakawa, 'yan kasuwa da masu sana'a,

Akwai wani lissafi da manyan ofis suke son karanta mana. Su ce: a Nijar harajin kaya, wanda suke kira TVA, 19 ne bisa 100. A Nijeriya kuwa 5 aka fara da shi a 1994, sai a 2020 ya hau 7.5. Daga nan sai kirari, wai mu mun iya tara kuɗin ƙasa, maƙwabta ba su iya ba. Lissafin dokin Rano ke nan!

Wannan haraji ba lanho ba ne da ake bin mutum da takarda har gida. A ɓoye yake cikin kuɗin sukari da sabulu da atamfa. Ka biya ba ka sani ba. Alhaji mai manyan motoci da mai tallan ruwa, kuɗi guda suke biya bisa kwalin sukari guda.

Duk ɗan kasuwar Maraɗi ya san ciniki daban, riba daban. Gwamnati ma hannu biyu gare ta. Ɗaya yana karɓar haraji bisa kaya, ɗaya yana biyan tallafi don kaya su yi sauƙi. Sai an cire na biyu daga na farko kana a san abin da ya zauna a baitulmali. Ku dubi Nijeriya a 2022. Harajin kaya ya kawo wajen naira tiriliyan 2.5. Tallafin man fetur kaɗai ya ci fiye da tiriliyan 4. Sai an ɗebo kuɗin kwastan an zuba kafin ramin ya cika.

To, wa ya sha wannan tallafi? Ba 'yan Nijeriya kaɗai ba. Ku tambayi masu kwalaben ruwa-ruwa na Ƙonni, Ɗan Isa da Magarya. Shekara da shekaru baburanmu suna tafiya da esansin da baitulmalin Nijeriya ya biya wa rangwame. Da Bola Tinubu ya soke tallafin ranar 29 ga Mayu 2023, kwalba ta yi tsada har cikin kasuwanninmu. Haka nan ta ɗaya gefen. A da, shinkafa, taba da yadi kan sauka Kwatano, su ratso ƙasarmu su nufi Katsina da Kano, duwan ɗinmu ya karɓi kuɗi a kansu, alhali mai saye a Kano ne ya biya. Da Nijeriya ta rufe iyaka daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, Maraɗi ta ji a jikinta. Aljihu biyu ne da rami a tsakani. Yaya za a gwada su kamar ba su san juna ba?

Kuma kada a manta yadda ake samun wannan 19 ɗin. A 2005, shekarar yunwa, gwamnatin Tandja Mamadu ta aza shi bisa madara, fulawa, sukari, ruwa da lantarki. A watan Maris jama'a suka fito a Yamai, aka rufe kasuwanni a Damagaram, Maraɗi da Tawa, har gwamnati ta janye shi daga madara da fulawa. A wannan lokaci kuwa kamfanonin yuraniyom na arewa, Somaïr da Cominak, an yafe musu duwan da TVA bisa kayan aikinsu, abin da Oxfam da ROTAB suka tona a 2013. Yafewa ma kyauta ce daga baitulmali, sai dai ba ta bi ta ƙofar talaka ba.

Don haka duk wanda ya zo muku da wannan gwaji ranar kasuwa, ku ce ya buɗe littafin duka. Nawa aka karɓa bisa kaya? Nawa aka mayar tallafi? Nawa aka yafe, kuma wa aka yafe wa? Ya faɗi sunayen kamfanonin ɗaya bayan ɗaya!