Kada Girman Dutsen Murjani Ya Ruɗe Mu

Ɗalibaina sukan yi mamaki idan na shaida musu cewa waɗansu ƙananan halittu, waɗanda akasarinsu ba su kai ƙwayar wake ba, su ne suka gina jerin duwatsun murjani na gabashin Ostareliya, mai tsawon kilomita 2,300. Jan murjanin da iyayenmu mata ke ratayawa danginsu ne kawai, ba ya irin wannan gini. A 1952, da aka haƙa tsibirin Enewetak a Tekun Fasifik, sai da aka ratsa fiye da mita 1,200 na ƙwarangwal ɗin murjani kafin a tarar da dutsen aman wuta, kamar yadda Darwin ya yi hasashe tun 1842.

A ganina wannan girman ne ke sa mutane sakaci, suna zaton babu abin da zai taɓa shi. Alhali duk nauyin nan na matattu ne, farin dutse irin wanda ake yin siminti da shi. Mai ran kuwa fatar sama ce kurum, kaurinta 'yan milimita. A 2016 zafin ruwa ya kashe kusan kashi 30 cikin 100 na murjanin Ostareliya da ke wurare marasa zurfi. Inda fatar ta mutu gini ya tsaya, sai igiyar ruwa da halittu masu huda dutse su shiga rushe abin da aka tara cikin dubban shekaru.