Daga Rijiyar Kusugu zuwa bakin dam: ranar da yarana suka fara shiga kwale-kwale

  

Kwanakin baya babbar 'yata ta miƙo min waya tana cewa, "Umma, kalli inda ake kai yara hutu." Bidiyo ne na wasu iyali, sun yini suna zaga wani birni a ƙasar waje, da yamma suka shiga wani ƙaton jirgin ruwa mai benaye, da ɗakunan kwana da wurin cin abinci da filin wasan yara duk a cikinsa. Na san ke ma an taɓa miƙo miki irin wannan, kin yi dariya, amma zuciyarki ta ɗan sosu. Na ce mata kuɗin wancan jirgi kam ba mu da shi, amma birni muna da shi a kusa, ruwa ma akwai. Da muka shawarta da babansu, sai aka sa ranar Asabar.

Mun tashi daga Zango da hantsi, mu bakwai a mota, da kular dafaduka da ruwan sha, ba mu cika awa guda a hanya ba muka shiga Daura. Abin kunya, yarana sun sha zuwa Daura, amma ko dai asibiti ko gaisuwar rasuwa ko biki, ba su taɓa zuwa don kallon garin ba.

Da Rijiyar Kusugu muka fara. Labarin da suke haddacewa a makaranta don jarrabawa, ranar suka gan shi da ido: macijin da ake kira Sarki, wanda ya hana mutane ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, da baƙon nan Bayajidda da ya kashe shi, da Sarauniya Daurama, da ɗansu Bawo wanda ake danganta Hausa Bakwai da zuriyarsa. Autana ya leƙa rijiyar ya tambaya ko macijin ya bar 'ya'ya, kowa ya fashe da dariya. Daga nan muka wuce ƙofar fada. A nan babansu ya ba su labarin da ya shafe mu kai tsaye, cewa bayan jihadi sarakunan Daura na asali sun bar birnin, wani reshe nasu ya zauna a Zango shekaru masu yawa, har zuwan Turawa aka mayar da Malam Musa kan sarautar Daura. Bayansa Sarki Abdurrahman ya yi mulki daga 1911 zuwa 1966, sai Alhaji Muhammadu Bashar har 2007, sannan Mai Martaba na yanzu, Alhaji Umar Faruk Umar. Kin ga yadda yaran suka miƙe wuya da suka ji garinsu ya taɓa zama mazaunin sarki? Wannan kaɗai ya biya min kuɗin mai.

Bayan la'asar muka nufi wani dam da ke yankinmu, don cika alkawarin ruwa. A nan ne yinin ya so ya ɓaci, kuma shi ne dalilin rubutun nan. Mun tarar da kwale-kwale ɗaya, mai shi yana zagayawa da mutane yana karɓar kuɗi. Na ƙirga waɗanda ke ciki, na ga gefen jirgin saura kaɗan ya taɓa ruwa, amma yana ta ƙwala kira, "Hajiya, ku shigo, akwai wuri!" Na ce, "Malam, ina rigunan ruwa?" Ya yi dariya ya ce shekararsa ashirin yana wannan sana'a, kuma tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Yara kuwa sun riga sun cire takalma. Na ce ba mai shiga. Auta ya faɗi ƙasa yana birgima, babbar ta kumbura fuska, wata mata a gefe ta ce wai boko ne ya yi min yawa.

Ba boko ba ne, tunawa na yi. A watan Mayu na 2022, ana tsakiyar shagalin ƙaramar Sallah, kwale-kwale ya kife a ƙaramar hukumar Mai'adua, nan maƙwabtanmu, aka rasa rayuka da dama, yawancinsu yara masu yawon Sallah. Kafin nan, ranar 30 ga Nuwamba 2021, wani jirgin ya nitse a dam ɗin Watari da ke Bagwai ta jihar Kano, aƙalla mutum 29 suka rasu, galibinsu ɗaliban Islamiyya da ke hanyar zuwa Maulidi, kuma lodin da ya wuce ƙima na cikin abin da aka ɗora wa laifin. Iyayen waɗannan yara ma wanka suka yi musu, suka sa musu kayan kwalliya, suka ce sai kun dawo. Allah ya jiƙansu, ya ba iyayensu haƙuri.

Shi kansa wancan ƙaton jirgi na cikin bidiyo, kin san da me ake fara ranar farko a cikinsa? Kafin a yi nisa da tasha, dole kowane fasinja, babba da yaro, a nuna masa yadda ake sa rigar ruwa da wurin da zai tsaya idan aka busa ƙararrawar haɗari. Dokar ƙasa da ƙasa ce, kuma da rayuka aka saye ta. Nitsewar jirgin Titanic a 1912, inda fiye da mutum 1,500 suka mutu kuma jiragen ceto ba su ishi mutanen ciki ba, ita ta haifar da yarjejeniyar farko ta kare rayuka a teku. Sannan ranar 13 ga Janairu 2012 jirgin shaƙatawa Costa Concordia ya daki dutse a gaɓar Italiya, mutum 32 suka mutu, alhali waɗanda suka shiga a ranar ba a kai ga koya musu komai ba. Bayan haka aka tsaurara doka, aka ce a yi wannan horo kafin tashi ko da zarar an tashi. To idan jirgi mai girman unguwa guda, mai injiniyoyi da na'urori, bai yarda ya dogara da gwanintar matuƙi kawai ba, ina ga kwale-kwalen katako?

Saboda haka idan kin kai yara bakin ruwa, ki ƙirga mutanen da ke cikin jirgi da idonki, kada ki ɗauki maganar mai karɓar kuɗi. Ki nemi rigar ruwa daidai jikin yaro, a ɗaure ta sosai, don wadda ta yi masa yawa za ta iya zamewa ta kansa. Kada a shiga da magariba ko idan hadari ya haɗu. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, wato NIWA, ta hana tafiyar dare kuma ta wajabta sa rigar. Ki gaya wa yara tun a tudu cewa ba tashi tsaye, ba ɗaukar hoto a baki-baki, ba komawa gefe ɗaya don kallon kifi. Kowane ƙaramin yaro kuma ya zama da babban da ke riƙe da shi. Idan yawon Sallah ko na makaranta ne za su tafi ba tare da ke ba, ki tambaya tun daga gida ko akwai ƙetare ruwa a hanyar.

Yadda tamu ta ƙare, babansu ya ja mai jirgin gefe, suka daidaita za mu biya shi kuɗin zagaye guda mu kaɗai. Da ya ga da gaske muke, sai ga riguna huɗu sun fito daga wata rumfa, ashe akwai, ba a dai tambaya ne. Muka kasu biyu, ni da yara biyu, sannan babansu da sauran, kuma ba mu yi nisa da gaɓa ba. Auta ya ƙanƙame ni har muka sauka, amma a mota shi ya fi kowa cika bakin cewa bai ji tsoro ba. Kafin sallar isha'i muna Zango.

Ke fa, ina kika taɓa kai naki yaran, kuma kin taɓa hana su wani abu a wurin har suka yi fushi da ke? Ki ba mu labari a ƙasa, wata za ta ƙaru. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.