Hanya ta wa ce?

Akwai wata gardama da ba ta ƙarewa tsakanin masu keke da direbobi. Ana yin ta a Zabori, ana yin ta a Karakara da Junju, ana yin ta bisa babbar hanyar kwalta wadda ta taso daga Doso ta nufi Gaya. Direba ya ce mai keke ya tare masa hanya. Mai keke ya ce direba ya so ya kashe shi. Wata rana maganar ta tsaya ga zage-zage, kowa ya kama gabansa. Wata rana kuwa ko gardamar ba a samun yi, sai dai a ɗauki mutum a nufi gidan likita da shi.

Yara, wannan magana ta shafe ku. Da yawa cikinku da keke kuke zuwa makaranta. Waɗansu ana aiken su kai hatsi wurin niƙa, ko kai rake kasuwa, ko ɗauko ƙane daga wani ƙauye. Waɗansunku kuma, in Allah ya raya ku, direbobi za su zama. Don haka zan gaya muku ra'ayina a fili. Hanya ta kowa ce. Mai keke yana da hakki bisanta daidai da mai mota. Amma nauyin tsare rai ya fi yawa a wuyan direba, domin shi ne yake riƙe da abin da ke kisa.

Da fari dai, hanya ta girmi mota. Tun kafin Turawa su zo, fatake suna bi ta wannan yanki da jakuna da takarkarai. Waɗansu suna ɗaukar gishirin Foga su kai Sakkwato da wasu garuruwa. Waɗansu suna ƙetare kogin Kwara wajen Gaya da Illo, su nufi Gwanja sayen goro. Mota baƙuwa ce a nan. Gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil ma sai a 1958 aka gama ta, sannan manyan motoci suka yawaita, suna kawo kaya daga tashar jiragen ruwa ta Kwatano. Mai ƙafa da mai jaki sun riga kowa. In har ana zancen wanda ya riga, to direba ba shi da ta cewa.

Doka ma ba ta ware mai keke ba. A 1968 ƙasashen duniya suka taru a birnin Biyana, suka rubuta yarjejeniya kan tafiya bisa hanya, Nijar kuma ta shiga cikinta a 1975. A cikin wannan yarjejeniya, keke abin hawa ne kamar sauran, wanda ke tuƙa shi kuma matuƙi ne. Yana da gefensa, wato hannun dama. Wanda zai wuce shi dole ne ya bar masa fili isasshe. Direban da ya danna ham ya ce wa mai keke ya sauka cikin rairayi don shi ya wuce, ba doka yake bi ba, ƙarfi yake nunawa.

Na sha jin direbobi suna cewa: mu ne muke biyan kuɗin hanya, mu ne muke biyan takardun mota da inshora, mai keke ko dala bai biya. Gaskiya ne suna biya. To amma wa ke lalata hanyar? Injiniyoyi sun gwada wannan a Amurka tun wajen 1960. Sun gano cewa in nauyin da ke bisa ƙafafun mota ya ninka sau 2, ɓarnar da yake yi wa kwalta tana ninkawa wajen sau 16. Ku auna da kanku. Yaro da kekensa ba su wuce kilo 70 ba. Babbar mota cike da siminti ko shinkafa tana kai tan 40, wato kilo 40.000. Kekuna dubu za su bi wuri guda shekara da shekaru ba su fasa kwalta ba. Ramukan da kuke gani, manyan motoci ne suka haƙa su, musamman waɗanda aka yi wa lodi fiye da ƙima. Mai mota yana biyan ɗan abin da ya ɓata ne. Bayan haka, kuɗin gina hanya daga baitulmali yake fitowa, ko daga bashin da ƙasa ta ci, ko taimakon da aka ba ƙasa baki ɗaya. Manomin da ya biya haraji yana da rabonsa ciki, ko da bai taɓa shiga mota ba.

Yanzu mu zo ga abin da ya fi muhimmanci, wato gudu. Ku ɗauki allo ku yi wannan lissafi. Motar da ke gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 25 cikin daƙiƙa 1. Daga lokacin da direba ya hangi yaro zuwa lokacin da ƙafarsa ta taɓa birki, wajen daƙiƙa 1 ta wuce. Ke nan motar ta riga ta ci mita 25 birki bai ko fara aiki ba. Bayan nan kuma sai ta ja wata tafiya kafin ta tsaya. In motar tana da kaya, ko tayoyinta sun suɗe, ko bisa burji take, tafiyar ta ƙara tsawo. Direba ya san wannan, ko kuwa ya kamata ya sani, tun da sai da ya koya aka ba shi izinin tuƙi. Yaro ɗan shekara 10 bai sani ba. Idonsa bai iya auna saurin abin da ke tahowa ba tukuna. Wanda ya sani da wanda bai sani ba, ba a ɗora musu laifi daidai.

Akwai kuma iska. Duk wanda babbar mota ta taɓa wucewa kusa da shi ya san ta. Da fari ta ture ka waje, sannan ta jawo ka wajen tayoyin baya. Mai keke da ya ɗauro buhu ko damin rake, ba ya bukatar mota ta taɓa shi kafin ya faɗi. Iskar kaɗai ta isa. Da rani kuma ga ƙura, ta rufe masa ido, ta ɓoye shi ga motar da ke biye. Shi ya sa a Faransa doka ta ce mai wuce keke ya bar mita 1 tsakaninsu cikin gari, mita 1 da rabi a bayan gari.

Direba zai ce: in na tsaya bin bayan kowane keke, yaushe zan isa? To mu sake lissafi. Mai keke yana tafiyar kilomita 15 a awa. A ce hanya ta ƙuntata, direba ya bi bayansa har mita 200 kafin ya sami wurin wucewa. Wannan tafiya daƙiƙa 48 ce. Da yana gudun kilomita 60, da daƙiƙa 12 zai yi. Abin da ya rasa daƙiƙa 36 ne, ko minti guda bai cika ba. Wannan direba kuwa shi ne zai yi awoyi, wani lokaci kwanaki, yana jiran takardu wurin duwan, yana shan shayi ƙarƙashin motarsa. Haƙurin da ya yi wa ma'aikacin duwan na kwana 2, ya kasa yi wa ɗan makaranta na rabin minti.

Ba na cewa direbobi miyagu ne. Aikinsu yana da wuya. Da yawa ba su da motar, mai ita yana jiran kuɗi, yana ƙirga kwanaki. Suna kwana bisa hanya, suna tuƙi da barci a ido. Kuma akwai kukansu na gaskiya, wanda ya kamata ku saurara da kyau.

Babban kukansu shi ne dare. Mai keke ya fito bayan magariba, ba fitila, ga riga baƙa, ga keke baƙi. Shi yana ganin fitilar mota tun daga nesa, sai ya ɗauka direba ma yana ganinsa. Ba haka ba ne. Ƙaramar fitilar mota ba ta haska nesa, in kuma wata mota ta taho daga gaba ta kashe wa direba ido, sai ya zo daf sannan ya ga mutum. Yarjejeniyar nan ta 1968 ta ce kowane keke ya kasance da birki mai aiki, da ƙararrawa, da jan gilashi mai ƙyalli a baya, da abin nuna farin haske a gaba da ja a baya. Ku duba kekunan da ke jingine a bakin ajinku. Nawa ne suke da waɗannan? Akwai waɗanda birkinsu takalmi ne, yaro ya sa diddige bisa taya. Wannan ba gwaninta ba ce. Yau ana sayar da ƙananan tocila masu arha a kowace kasuwa, ana iya ɗaure ɗaya da roba a gaban keke.

Suna kuka kuma da mai keken da ke karkata ba tare da ya waiwaya ba, da masu jerawa uku uku suna hira, da wanda ke fitowa daga lungu ko daga gonar dawa kamar an harbo shi. Da yaron da ke kama bayan babbar mota don ta ja shi hawan tudu. Da wanda ke tsayawa gefen dama na babbar mota lokacin da za ta yi kwana: wurin nan madubi ba ya nuna shi, tayoyin baya kuma suna yanke kwana fiye da na gaba. In ba ka ga fuskar direba cikin madubinsa ba, shi ma bai gan ka ba. Waɗansu kuma suna bin hannun hagu, wai don su ga abin da ke tahowa. Mai tafiya da ƙafa ne ke yin haka. Mai keke hannun dama yake bi. A Nijar haka ne, a Benin haka ne, Najeriya ma ta bar hagu ta koma dama tun watan Afrilu na 1972. In kun ƙetare zuwa Kamba, ba abin da ya sake.

Duk wannan gaskiya ne. Sai dai ku lura da bambanci guda. In mai keke ya yi kuskure, shi ne ke karyewa. In direba ya yi kuskure, mai keken ne dai ke karyewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 mutum wajen miliyan 1 da dubu 190 suke mutuwa kowace shekara bisa hanya. Fiye da rabinsu masu tafiya da ƙafa ne, da masu keke, da masu babur. Afirka ce ta fi kowace nahiya yawan mace-macen in aka auna da yawan jama'a, alhali ita ce mai ƙarancin motoci.

Waɗansu ƙasashe sun yi wannan gardama kafin mu. A Holan, a 1971, mutum fiye da 3.000 suka mutu a haɗarin mota, fiye da 400 cikinsu yara ne. Iyaye suka fito suka tare tituna, suka ce a daina kashe musu ƴaƴa. Hukuma ta saurara. Aka gina wa keke hanyarsa dabam, aka rage gudu cikin unguwanni. Dokarsu ta ce in mota ta buge yaron da bai kai shekara 14 ba, a ƙasa ko bisa keke, mai motar ne ke biyan diyya, ko da yaron ne ya yi sakaci. Kada ku ce wannan sai ƙasar masu kuɗi. A Wagadugu, nan maƙwabta, an ware wa keke da babur gefe a manyan tituna da dama.

Mu a nan me za mu iya? Hukumar ANISER, mai kula da tsaron hanya a Nijar, da jandarmomi suna da nasu aiki, amma ba su iya tsayawa bakin kowace makaranta. Magajin gari da mai gari da iyayen yara suna iya neman a kafa allon gudun kilomita 30 a awa a bakin makaranta da bakin kasuwa, a yi tudun rage gudu, a shafa masa farin fenti don kada shi ma ya zama tarko da dare. Masu tebur da masu tuya su ja baya daga bakin hanya, domin in suka cinye gefe, tsakiya mai keke ke komawa. Shugabannin tasha su yi wa direbobinsu magana, tun da direba ya fi jin sarkin tasha da kowane allo. In za a sake gyaran wata hanya, a tambayi masu aikin tun da wuri: ina gefen keke da amalanke?

A makaranta kuwa, ba sai an jira kowa ba. Ranar da ake sharar fili, malam ya sa a jera kekuna. Manyan ɗalibai su gwada birkin kowane, gaba da baya. Wanda nasa ya lalace a rubuta sunansa, a kai wa mai gyara kafin ranar kasuwa. Sannan a shata hanya da sanda a filin wasa, da mararraba, kowa ya koyi waiwaye da miƙa hannu kafin ya karkata, har ƴan aji na fari.