Bakwaini Bai San Pfizer Ba

Jama'a, wata ɗabi'a ta kama mu. Da an ce ana binciken magani a kan jarirai, sai mu zabura mu ce "Pfizer!", shi ke nan an rufe bakin kowa. Ni ban yarda ba.

Ba wanda ya manta 1996, lokacin sanƙarau, da aka gwada Trovan a Asibitin Zana na Kano cikin yara 200, 11 suka rasu. Amma kukan iyayen shi ne ba a gaya musu gwaji ake yi ba. Wannan cin amana ne. To don wani ya ci amana sai mu haramta ilimin gaba ɗaya?

Mai karatu, dubi bakwaini. Jijiyoyin jinin bayan idonsa ba su gama tsira ba aka haife shi. A kwalba iskar oksijin na ceton ransa, amma in ta yi yawa sai jijiyoyin su tsaya, daga baya su yi tsiron banza har su ɓamɓare fatar gani. Haka mawaƙin Amurka Stevie Wonder ya makance a 1950. A nan kuwa sai a ce kishiya ce ta yi asiri, mu marubuta ma mun sha cin kasuwa da wannan.

A 2013 likitoci a Italiya suka fitar da sakamakon gwajin propranolol, maganin hawan jinin nan da ke kemis, a kan bakwaini 52. Ya rage ci gaban cutar, amma wasu jariran bugun zuciyarsu ya ragu, jininsu ya sauka. Ba su ɓoye ba, suka koma gwada shi a matsayin ɗigon ido. Har yanzu bincike ne, kada wata ta daka ƙwayar tsohuwa ta ɗura wa jinjiri!

Abin da aka tabbatar shi ne likitan ido ya duba bakwaini wajen sati huɗu da haihuwa, in cutar ta yi tsanani a yi leza ko allura. Uwar da ta ɗauko nata daga Birniwa zuwa Hadeja ko Nguru, wa ya gaya mata wannan ranar sallama? Wa zai biya mata kuɗin motar Kano? Masu ihun Pfizer, ku amsa mana wannan tukuna.